Ranar da Jakata Ta Tsallaka Iyaka Ba Ni

Na kama hanya da asuba, tun zakaran maƙwabcina bai tuna da aikinsa ba. Ƙanena ne kwance a asibiti a Maraɗi, za a yi masa aiki a ciki. Ya bugo waya ya ce: "Yaya, ka zo ka yi mani addu'a kafin su sa wuƙa." Ni da na bar makaranta a aji biyu don korar biri a gona ta fi mani daɗi, wai ni ake kira addu'a!

Amma na yi shiri. Na je wurin fasto ya zaɓo mani wuraren ƙarfafa zuciya a Littafi Mai Tsarki, muka cusa tsinken tsintsiya a kowane wuri don kada in ɓata. Littafi, tabarau, daddawa da kuka, duk na danna a jakar ledar nan mai zane-zane da kowa ke da irinta. Tsohuwata, wato matata, ta yago ƙyalle daga zanenta na zumuntar matan coci ta ɗaure a hannun jakar. Na ce ta mai da ni akuyar kasuwa. Ta ce akuya ta fi ni sanin hanyar gida.

Daga Katsina zuwa Jibiya ba nisa, shingaye ne ke ƙara wa hanyar tsawo. Inda dawa ta yi duhu har bakin titi hira ta mutu a mota, don kowa ya san labarin 'yan bindiga. Alhajin da ke gefena ya ciro carbi, ni ma na shiga motsa leɓe. Kowa ya kira Mai Sama yadda ya iya, direba kuwa ya kira totur.

A Magama, bakin iyaka, muka sauka. Ga masu shayi da burodi dogo kamar sandar makiyayi, ga masu canji suna kallon nairata kamar busasshen ganye. Mu masu sauya mota, ɗan dako ne ke kwashe kayanmu a kura ya kai wa motocin can gaba, mu kuma mu bi layi a duba mu. Ni dai na tsaya cin ƙosai ina zolayar mai shayi, wai madararsa leƙa kofin kawai ta yi ta wuce. Ko da na ƙarasa, motar da aka loda wa jakata ta cika ta tashi.

Na shiga motar da ke bi mata. Daga garin Ɗan Isa har Maraɗi ban ga komai a hanya ba, tambaya ɗaya ke cina: me zan faɗa wa mutumin da ke jin tsoron mutuwa?

Na same shi ya rame, ya damƙe hannuna. "Yaya, ina Littafin?"

"Ya tafi buɗe ido," na ce. Bai yi dariya ba.

Sai na durƙusa, gwiwoyi suka yi ƙara kamar ana karya kara. Na buɗe baki ban san abin da zai fito ba. Ashe abin da tsohuwata ke karantawa da ƙarfi kullum da safe, ina gefe ina yi kamar gyaran rediyo nake, duk ya shige ya zauna. Ya riƙa fitowa, wani a karkace, wani ba kai, amma ya fito. Na gaya wa ƙanena Yesu ya riga shi shiga wurin da yake tsoro, kuma ya fito. Ƙanena ya ce amin. Malamin da ke gadon kusa ma ya ce amin. Da aka zo tura ƙanena ɗakin aikin, shi ne ke ce wa matarsa ta bar kuka.

Ya fito lafiya. Da ya farfaɗo, miyar kuka ya fara tambaya.

Kukar kuwa ta iso. Wani dattijon coci ya shigo da jakata a kai. Direban motar da ta tafi da ita, Musulmi mutumin Maraɗi, shi ya ga ƙyallen ya gane zanen, don ya sha ɗaukar matan nan zuwa taronsu suna cika masa mota da waƙa. Bai yi wata-wata ba ya kai ta coci. Can suka ga sunana a Littafin, suka gane ni ne yayan ɗan cocinsu da ke asibiti. Tsinkayena na nan yadda muka sa su, ko ɗaya bai motsa ba.

Da na dawo gida tsohuwata ta tare ni a bakin ƙofa, ta dubi jaka, ta dube ni, ta ce, "To, wa ya kawo wani?"

Abin da na koyo ke nan, jama'a: ku shirya jaka, ba laifi, amma gwaji ba ya jira sai kana riƙe da ita. Abin da ka tara a ƙirji shi ke tsallaka iyaka da kai, kuma ba ranar tafiya ake tara shi ba. Ƙyallen na nan a ɗaure, ban kwance ba. Rediyon kuma, in tsohuwata ta fara karatu da safe, ajiye shi nake yi. Dama lafiyarsa ƙalau.