Simintin Ɗakin Inna

Shekarar da Inna ta rasu, Baba ya rantse ɗakinta ba zai faɗi ba yana raye. Ginin ƙasa ne, irin na ƙauyenmu a bayan Ɗambatta, duk rani sai an yi masa yaɓe. Baba ya ce siminti za a shafa masa a huta.

Ƙanwata tana jami'a lokacin, can wajen Rijiyar Zaki. Aikinta a ɗakin gwaji shi ne shimfiɗa wani sinadari mai ƙyalli a kan gilashi, bai kai kaurin ɓawon albasa ba. Ta zo hutu ta tarar da buhunan siminti a zaure, sai ta durƙusa gaban Baba.

"Baba, kullum ina ganin haka a wurin aikina. In na sama bai dace da na ƙasa ba, da fari yakan miƙe ya bi shi dole, daga baya fuskarsa ta yi ƙuraje, ya tsage. Ƙasa tana kumbura da damina, ta tsuke da rani. Siminti kuwa ba ya motsi."

"To Malama," in ji Baba, "gilashi na ce zan shafe?"

Muka yi dariya, har da ita. Wa zai ja da mutumin da bai gama kukan matarsa ba?

Wallahi ɗakin ya yi kyau, sumul, har maƙwabta na zuwa kallo. Damina ta biyu ya fara kumburi nan da can, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji fanko. Ruwa ya riƙa bin tsaga yana cin ƙasar ta baya, ga siminti ya hana ta bushewa. Baba ya yi ta liƙi da hannunsa, yana toshe nan, can na buɗewa.

Wata Laraba da hantsi, cikin marka, bangon gabas ya zauna, rufin ya bi shi. Ba kowa a ciki, alhamdu lillahi. Amma ni ranar na ji kamar Inna ta sake mutuwa.

Baba ya daɗe tsaye cikin ruwan. Bai kalli ƙanwata da ta sake zuwa hutu ba, ita ma ba ta ɗaga kai ba. Can ya ce a kwashe ƙasar a kai gona, don a wurinmu tsohuwar ƙasar gini taki ce, ba a barinta.

Da damina ta zagayo, geron wurin ya fi na ko'ina. Baba ya sa aka ɗaure shi daban, aka rabar sadaka. Ya ce shi ba zai iya ci ba.