Taraktar da Aka Yi wa Shuri

A unguwarmu Direba ake kiransa, ko da yake rabonsa da tuƙi tun da idanunsa suka yi rauni. Ya yi ƙuruciyarsa da tsufansa a kan jar taraktar da mahaifinsa ya bari, yana yi wa mutane huɗa. Yanzu tana rumfar bayan gida. Kullum da safe yakan laluba ya duba mata mai, ya share kujerar da hannun rigarsa.

Ɗan ƙaninsa, wanda ya bar aikin ofis ya koma noma, ya daɗe yana aiko masa da manya su roƙa masa aron taraktar. Damina ta ƙarato, gonarsa ba a taɓa ba, ga shi masu haya duk an riga shi. A ƙarshe dai tsohon ya ce ya zo.

Ya same shi a rumfa, makulli a hannu.

"Baba, ina kwana?"

"Da ban kwana ba, da yau ka huta roƙo. Mece ce buƙatarka?"

"Ka sani, Baba. Ajiyar nan ba ta amfanin kowa. Kuma ubana ma ɗan gidan nan ne."

"Ubanka ko taya bai taɓa sa wa iska ba. Amma zo ka gan ta."

Ɗan ya zagaya ta sau ɗaya. Sai ya ɗaga ƙafa ya kai wa tayar baya shuri, kamar yadda masu sayen tsohuwar mota suke yi a kasuwa. Tsohon bai gani ba, amma ya ji.

"Me ka buga?"

"Taya ce kawai nake gwadawa."

"Kawai? Abin da ya ciyar da ubanka, ya kai ka makaranta, shi ka gaisar da takalmi? Tun ina raye ke nan!"

"Haba Baba, ƙarfe ne fa, ba mutum ba!"

"Ƙarfen ya fi ka sanin hakkin gidan nan. Fita!"

Kafin azahar tsohon ya kira bakanike ya kwance tayoyin duka huɗu, aka ɗora taraktar bisa bulo, aka kulle tayoyin a ɗakinsa. Ruwa ya sauka a makon. Ɗan ya shuka abin da fartanya ta iya, sauran gonar ciyawa ta cinye. Har yau in sun haɗu a gidan suna ko makoki, kowa tabarmarsa daban.