Jinjina ga Mai Hoton Tashar Ƙarshe

Kullum da sassafe za ka same shi a tashar ƙarshe kafin a shiga sahara, rataye da tsohuwar kyamara mai murfi ɗaure da roba. Direbobi suna kiransa Tsaya-Haka, don maganar ba ta barin bakinsa. Shekara ashirin da shida yana wannan aiki, yanzu ido ya gaji, likita ya ce ya huta.

Mutumin nan akwai naci! Ba ya ɗaukar matafiyi hoto sai da yardarsa, in ya wanke hoton kuma sai ya rubuta rana da lambar mota da sunan mahaifiyar mutum a baya. Wani direba ya taɓa tsokanarsa, "Kai kam hoto kake ɗauka ko ƙidaya?" Ya ce, "Mutane na canza sunansu a hanya, amma ban taɓa ganin wanda ya canza na uwarsa ba."

Ƙanena ya bi hanyar nan, shekara uku shiru. Mama duk ta rame. Abin da ya fi cin ranta shi ne ba ta san addu'ar da za ta yi masa ba, ta mai rai ko ta mamaci.

Na kai ta ɗakin Tsaya-Haka, kwalayen hotuna har rufi. Ya tambayi sunanta, ya yi kwana huɗu yana tonawa. Ya fito da hoto biyu. Ga ƙanena a kan mota yana dariya, rungume da jarka. Na biyun kuwa kabari ne kusa da wata rijiya, an kewaye shi da duwatsu. Ashe da ya ji motar ta lalace, bin sawunta ya yi har can, abokan tafiyar suka nuna masa wurin.

Mama ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Malam, an yi masa sallah?"

"An yi, Mama. Mutum goma sha ɗaya suka tsaya."

Ranar ta yi kuka sosai, ranar kuma ta ci abinci.

Tsaya-Haka, kai ne ka ƙi yarda 'ya'yan mutane su ɓace kamar ba a haife su ba. Wallahi ban san da wane baki zan gode maka ba. Masu kyamara, don Allah ku riƙa tambayar mutum ko shi ɗan wa ne kafin ku ƙyasta.

Allah ya saka da alheri, Baba. Mama ta ce in gaya maka, yanzu in ta ɗaga hannu ta san abin da take roƙa wa ɗanta.