Magudanar Mai Famfo

Mai Famfo ake ce masa tun yana saurayi har ya yi furfura, kuma sunan bai taɓa ɓata masa rai ba. A gidan ruwa ya yi aikinsa, cikin ɗakin injuna, ɗaki mai zafi da warin baƙin mai, inda sai mutum ya kai baki kunnen ɗan'uwansa kafin a ji shi. Shi ke tayar da inji, shi ke kashewa, ya zuba mai, ya ɗaure noti, ya kasa kunne ko akwai abin da ke shirin lalacewa. Ƙarar nan ce ta cinye masa kunnen hagu. Amma abin da ya fi cin ransa, duk tsawon shekarun nan ruwa bai taɓa isar garin ba. In ya taso aiki ya ratsa ta layin masu jarkoki, mata su raka shi da harara kamar shi ya shanye. Ko a gidansa famfon tsakar gida iska yake hurawa, har matarsa ta mai da shi wurin rataye tsumma.

Gidansa shi ne na ƙarshe a saman gangare, bayansa tudu ne da fili. A ƙasa da shi akwai gidan amininsa Kafinta. Tsokanar juna ce sana'arsu ta biyu. Kafinta ya ce bai taɓa ganin mai famfon da ke wanka da ruwan saye ba, Mai Famfo ya ce shi ma bai taɓa zama a kujerar Kafinta ba tare da ya yi addu'a ba. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Kafinta, aka mai da shi ɗakin baya, Mai Famfo kan sauko kowace safiya ya zauna masa a bakin gado, ya juya masa kunnen dama.

Bayan ya yi ritaya zaman gida ya ishe shi. 'Yarsa ta fari, wadda ke aikin jinya a asibiti, ta sayo masa waya mai babbar fuska don ya riƙa ɗebe kewa. A nan ya ci karo da wani bidiyo. Wani mutum mai taushin murya yana nuna hotunan ƙasa daga sama, ga layuka miƙaƙƙu sun ratsa daji da tsandauri har inda ido ya gaza. Ya ce magudanan ruwa ne da wata al'umma ta haƙa tun kafin a san rubutu, al'ummar da ta kai ruwa kowane gida da kowace gona, sannan ta shuɗe, masana kuma suka binne labarinta don kar a ga gazawarsu. Mai Famfo ya kalla, ya sake kallo. Maganar ruwa a kowane gida ce ta tsaya masa a ƙirji. Ashe an taɓa iyawa. Ashe abin da ya ƙare rayuwarsa yana fama da shi, wasu sun gama tun ba a haifi kakanninsa ba.

Ya sa 'yar ta nuna masa yadda ake duba unguwarsu daga sama. Can bayan tudu ya hango wani layi siriri, miƙaƙƙe sak, ya taso daga wajen kogi ya nufo bayan gidansa. Washegari ya je ya taka shi da ƙafa. Ɗan kwari ne wanda ciyawa ta fi kore a cikinsa. Ya ɗauki hoto ya tura wa masu bin bidiyon, nan da nan amsoshi suka yi ta shigowa daga mutanen da bai sani ba, suna kiransa mai bincike, suna cewa ya tona. Babu wanda ya taɓa kiransa da wani abu makamancin haka.

Sai ya sayi diga da shebur da baro. Matarsa ta yi magana, ta yi fushi, ta yi shiru, duk bai hana ba. Ta kira ƙanenta, safiyo ne mai auna filaye, ya zo ya zagaya wurin. Ya ce a ganinsa tsohuwar hanyar bututu ce da aka daɗe da watsarwa, amma ko mece ce, ba ita ce damuwarsa ba.

"Yaya, tudun nan shi ke tare muku ruwan sama," in ji shi. "In ka yanka shi, duk ruwan filin can nan zai biyo."

Mai Famfo ya ce dama an faɗa musu a bidiyon cewa masu takarda haka za su ce. Safiyon ya kaɗa ƙurar wandonsa ya tafi, bai sake zuwa ba.

Rani guda ya yi yana haƙa. Tafin hannunsa ya tsattsage, wuyansa ya rame, amma matarsa ta ce rabon da ta ga yana cin abinci da marmari haka tun yana aiki. Kullum sai ya kai wa Kafinta labari: yau ya ga baƙar ƙasa, jiya ya tono wani dutse mai gefe kamar an sassaƙa. Kafinta, da bakinsa da ya karkace, ya ce in ya tarar da mutanen ya tambaye su ko suna neman kujeru. Kafintan ne ma ya sa aka ba shi ragowar katakon shagonsa don ya tokare bangon ramin kar ya rufta masa.

Wata rana da hantsi digar ta bugi ƙarfe. Ya durƙusa ya share da hannu. Bututu ne, tsatsa ta cinye shi, irin wanda ya sha gani jibge a bayan ɗakin injuna. Ya daɗe a tsugune. Daga nan ya mayar masa da ƙasa, ya ce a ransa ai na baya kan bi sawun na farko, tabbas magudanar tana ƙasa da bututun. Bai gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da haƙa, har ramin ya ratsa tudun ya ɓullo ɗaya gefen.

Ruwan farko na damina bai yi komai ba. Na biyun ya sauko da la'asar kamar da bakin ƙwarya. Mai Famfo yana tsaye a ƙofar baya lokacin da ya ji wata ƙara da ko mataccen kunnensa ya ji ta. Ruwan filin gaba ɗaya ya taru ya shigo ramin, ja wur, yana tafe da katako da duwatsu. Ya goge kusurwar katangarsa ya wuce, ya doki bayan gidan Kafinta. Matar Kafinta tana kicin, ta tsira. Bangon ɗakin baya kuwa ciki ya faɗa. Da hannu maƙwabta suka yi ta ɗage bulo, Mai Famfo na cikinsu har farcensa ya cire, amma kafin a kai ga gadon rai ya yi halinsa.

'Yan sanda sun riƙe shi kwanaki. Iyalan Kafinta suka ce ba sa neman komai, sun bar wa Allah. Da ya je yi musu gaisuwa, matar ta amsa masa daga bayan labule, ta roƙe shi kar ya sake zuwa. Hukuma ta turo mota ta cike ramin. A unguwa ba wanda ya zage shi, sai dai in ya doso majalisa hira ta mutu. Kafin shekara ta zagayo, 'yarsa ta kwashe su shi da matarsa zuwa gidanta, wani ɗaki a bene na sama, tagarsa na kallon bangon wani gini. Ya daina taɓa waya. Hawan jini ya kama shi, magana ta ragu, matarsa ce ke tuna masa lokacin magani.

Bayan wasu shekaru, yana zaune a bencin asibiti yana jiran layi, wani magidanci da ke gefensa ya miƙo masa waya, fuskarsa cike da murna. Tsohon hoto ne da aka ɗauka daga saman wani dogon gini: rami miƙaƙƙe ya yanka tudu, cike da jan ruwa. A ƙasan hoton, gefe guda, ana iya ganin rufin wani gida ya zauna.

"Baba, ka ga ikon Allah? An ce mutanen da ne suka haƙa, shekaru dubbai, kuma har yanzu ruwa na bi."

Mai Famfo ya ƙura wa rufin ido. Ya ce, "Ni na haƙa shi."

Mutumin ya yi dariya, ya ce lallai Baba ya sha miya, ya juya ya nuna wa na gefensa. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta yi kira, bai ji ba saboda ta hagunsa take. Sai da matarsa ta taɓa masa gwiwa, ta kama hannunsa ya miƙe, suka shiga wurin likita.