Shirun da ke Cikin Begen Kaka

Har yau in na bi ta layin masu goro a kasuwar Sankaryare, ƙamshin jiƙaƙƙen ganye ya buge ni, sai bakina ya kama bege da kansa. Ni da na daɗe goshina bai taɓa ƙasa ba. Ba na sallah, ba na azumi, kuma ban ɓoye wa kowa a Zango ba.

Kakata goro take sayarwa. Da bazara takan zauna a zaure ta kwance huhu, tana tsince mai tsutsa tana rera yabon Annabi. A tsakiyar baiti na uku sai ta yi shiru, ta guntsi ruwa ta fesa wa goron, sannan ta ɗora. Ni na ɗauka shirun ma cikin waƙar yake. Haka na haddace shi.

Ƙanena yana cewa lakwal, makarantar bokon da na shiga da furfura, ita ce ta ɓata ni. Ran da ya ji ina rerawa a wajen wanki, ya ce, "Yaya, kin bar masallaci, ki bar musu begensu."

Na ce, "A zaure na koya, ba a masallaci ba."

Bara Inna, mahaifiyarmu, ta ruɗe. Ta manta sunayenmu, ta rufe baki ta ƙi abinci. Ƙanena ya kunna mata begen a waya, ta ture, ta ce wannan mutumin ba ya numfashi. Kwana biyu ko kunu ba ta sha ba. Rana ta uku sai ga shi a kan babur har ƙofata a unguwar Zogona, idonsa a ƙasa.

"Ki zo ki yi mata."

Na zauna a bakin gadonta na ɗauko begen. Da na kai baiti na uku na yi shiru. Sai Inna ta kumbura kumatu, ta fesa iska, kamar uwarta. Sannan ta buɗe baki, na ba ta kunu.

Ƙanena ya ce, "Allah ya shirye ki, Yaya."

Na ce, "Riƙe kwanon da kyau."

Yanzu a leda ake ƙulla goro, zauren ma ya zama shagon waya. Shirun nan a bakina kaɗai ya rage. Ban koma sallah ba, kuma ba zan daina begen ba. Mai son ya ƙwace, ya zo ya zauna ya koya tukuna.