Koci Odell Ya San Ƙofar Kowa

Idan ka ambaci Odell Pettway a karkararmu ta Misisipi, tsofaffin mata ne za su fara amsa maka kafin 'yan ƙwallo. Shekara talatin da ɗaya yana mataimakin kocin ƙwallon Amurka, wadda ake sa hular kwano ana karo, a Kwalejin Marbury, aikinsa kuwa shiga gidaje, cin abincin mutane, da fitowa da 'ya'yansu maza su buga wa kwaleji wasa. Ya san gidan da ake cire hula tun daga bakin titi, ya san wanda sai ka nemi ƙarin tarwaɗa uwar gida za ta saurare ka. Tumbin da ya ajiye ma cewa yake na kwaleji ne, ajiya aka ba shi.

An yi zamanin da filin Marbury ke cika ranar Asabar har a hau rufin motoci. Daga baya aka yi ta kawo manyan masu horarwa da girman kansu, suna kwaso yara daga uwa duniya, yaran da sauron Agusta kaɗai ke korar su. Shekara uku a jere, wasa biyu tak aka ci. Hukumar kwaleji ta ce in bana ma haka ne, a rufe ƙungiyar kowa ya huta. Sai ga sabon babban koci da wata dabara da yake ji kamar shi ya ƙirƙiro ta, wai a nemi 'yan gida. To wa ya san 'yan gida? Aka tuna da Odell, wanda saura ƙiris su sallama.

Ya ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Cikin wata biyu ya kawo yara goma sha ɗaya. Amma wanda ake so shi ne Jamarion Batts, wani ƙato da in ya yi karo da mutum 'yan kallo ma sai sun runtse ido. Odell ya yi ta kwana-kwana, yau taya ta yi faci, gobe gwiwa ta motsa. Da babban koci ya gaji ya ce masa, "Baba Odell, ko takardar da Batts ya sa wa hannu ko makullin ofis, ɗaya zan gani a teburina ranar Litinin."

Abin da babban kocin bai sani ba, Odell ne ya ɗauko uban yaron, Cleon, shekara ashirin da huɗu da suka wuce. A lokacin in yaro ya bugu a ka ya tashi yana layi, yatsu ake nuna masa a ce nawa ne, in ya kusa cankawa a mayar da shi fili. Odell ne mai nuna yatsun. Yanzu Cleon yana da shekara arba'in da biyu, bugun kan ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, kuma sau biyu ana tsinto shi a kasuwa bai san hanyar gidansa ba.

Ranar Lahadi bayan an taso majami'a Odell ya je gidansu. Vernita matar Cleon ce ta buɗe ƙofa.

"Koci, ashe kana raye? Na ɗauka sai a jana'iza za mu gan ka."

"A yi min afuwa, Vernita."

"Shigo, kifi na hucewa."

Cleon na ganinsa ya miƙe tsaye ƙyam, yana gyara riga. "Koci, na rage ƙiba, duba ka gani. Bana ba mai wuce ni."

"Na gani, Cleon. Zauna."

Aka ci abinci. Jamarion ya ce, "Yallaɓai, manyan makarantu sun neme ni, amma na fi son inda zan riƙa leƙo Baba." Odell ya shiga bayani cewa yanzu ba kamar da ba ne, akwai likita a bakin fili, hulunan kwanon ma an canja. Duk gaskiya ce, amma shi kansa ya ji kunyar muryarsa.

"Ba wanda ya tambaye ka," in ji Vernita.

Odell ya fito da takardar, ya ɗora biro a kai. Kafin yaron ya miƙa hannu Cleon ya jawo ta gabansa, fuskarsa cike da murna, don shi a zatonsa dominsa aka zo. Ya rubuta harafi biyu na sunansa, ya tsaya, ya soke, ya sake, har biron ya huda takardar.

Ya dubi matarsa. "Nita, bayan wannan me ke zuwa?"

Jamarion ya sunkuyar da kai. Vernita ta zare takardar a hankali, ta duba, ta miƙa wa Odell tana kallonsa ido cikin ido.

"Ta ɓaci, Koci. Sai wani jiƙon ke nan."

Hanyar fita ta ba shi, kuma ya gane sarai. Da ya ce haka ne ya ɗau hularsa, da shi ke nan. Sai dai duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya san hannun yara na rawa, shayi na zubewa, saboda haka ba a zuwa gida da takarda ɗaya. Odell ya ɗan jima yana kallon faranti. Sannan ya buɗe jakarsa ya fito da ta biyun.