Ledar da Gamaliel Ya Ɗaura

Ƙanena Gamaliel shekara ashirin da huɗu ya yi a duniya, kuma kusan rabinsu a kan bishiya ya yi su. Ni ce babba, sunana Febi, mu biyu kaɗai Mama ta haifa. Tun yana ƙarami yake fama da sikila. Likita ya ce kada ya riƙa wahalar da jikinsa, shi kuwa ya yi kunnen uwar shegu da maganar.

Sana'arsa auren mangwaro. Wajen wani tsoho a Agwada ya koya, lokacin da ya je hutu gidan kawunmu. Zai yanko ɗan reshe daga mangwaro mai daɗi, ya fere gindinsa da reza, ya tsaga reshen mangwaron gargajiya mai zare, ya cusa shi a ciki, sannan ya naɗe wurin tam da leda don kada ruwa ya shiga. Bayan kamar wata biyu, in ya kama, sai ya dawo ya kwance ledar. Ni da na yi shekara huɗu a jami'a, nake koyarwa a firamare, ba wanda ya san ni a unguwarmu ta Jigwada. Amma ka ce "Gama mai mangwaro", kowane ɗan acaɓa zai sauke ka a ƙofar gidanmu. Abin yana ba ni haushi, ba zan ɓoye ba.

Faɗa kuwa mun sha shi. Duk ledar burodin da ta shigo gida sai ya yayyanka ta siri-siri, kuma ba na ajiye reza ta kwana. In na taso masa sai ya ce, "Anti, reza ce fa, ba mota ba."

A watan Mayun bara ya aurar da rassa biyar a tsohon mangwaron tsakar gidanmu. Sati uku bayan nan ciwon ya tashi. Kwana huɗu muka yi a asibiti, ran na biyar muka dawo babu shi. Ina kewarsa ƙwarai, har yau in na ji motsi a saman bishiya sai na ɗaga kai.

Rassan nan biyar suka yi toho. Sai Mama ta kafa doka, kada wanda ya taɓa ledar, hannun ɗanta ne ya ɗaura ta. Ta daina zuwa kasuwa, kullum tana gindin bishiyar tana shafa ƙullin. To, reshe yana ƙara kauri, leda kuwa ba ta buɗewa. Kafin ƙarshen Agusta ta nutse cikin ɓawon, sama da ƙasa duk sun kumbura. Reshe ɗaya ya yi yaushi, ya bushe.

Na ce mata in aka bar su haka sauran huɗun ma za su mutu, aikin Gamaliel na ƙarshe ya tafi a banza. Ta ce in na kusanci bishiyar da reza in nemi wata uwar. Ni ma da zafin kaina na mayar da magana, muka kwana biyu ba gaisuwar kirki.

Da abin ya ishe ni na je na samu Malam Zailani, telan da ke maƙwabtaka da mu. Mama tana jin maganarsa, kuma a satin da Gamaliel ya yi namu ya aurar masa da nasa. Bayan la'asar ya shigo, suka gaisa, ya duba rassan ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Maman Febi, ledar nan shaƙe su take yi. Da yaron yana nan, da tuni ya cire ta."

Mama ta ce, "Na ji, Malam. To, naka fa? Ka cire?"

Malam ya sunkuyar da kai, ya gyara hula. "Wallahi sau uku ina ɗaukar almakashi ina ajiyewa. Ƙullinsa ne."

Na ce, "Haba Malam! Kai fa na ɗauko ka yi mata wa'azi!"

Sai Mama ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Tun ranar jana'iza ban ji dariyarta ba. Da ta goge fuska da bakin zani ta miƙo mini hannu, na ɗauko reza na ba ta. Ta tsaga ledar farko, ta ɓare ta a hankali. A ƙarƙashi wurin ya haɗe sarai, sai dai zoben da ledar ta bari a jikin ɓawon.

Ta ce, "Ya kama."

Haka ta bi sauran ukun, kowanne ta faɗi kalmar. Sannan ta juyo gare ni. "Gida nawa ya yi wa aiki a watan Mayun nan?"

Na ce shida ne, har da na Malam.

Ta ɗaura ɗankwali, ta zura takalmi. "To, duk irinmu ne, na tabbata ba wanda ya cire. Malam, wuce gaba, da naka za mu fara. Febi, ɗauko wata rezar."